"Data is" ko "data are" a kundin digiri?

Assalamu alaikum. Ina rubuta kundin digirina na biyu da Turanci, kuma kalma ɗaya ta tsayar mini da babi na huɗu mako uku ke nan. Da farko na rubuta "the data shows", sai malamin da ke duba aikina ya ja layi da jan biro a wuri goma sha bakwai, ya ce kalmar "data" jam'in "datum" ce a Latin, don haka "show" ne daidai. Na bi shafi-shafi na gyara. Da kundin ya je hannun malami na biyu, sai ya mayar da su duka tilo, yana cewa yanzu ana ɗaukarta kamar "information", wato abin da ba a ƙirgawa.

Na duba tsarin APA, wato ƙa'idojin rubutun bincike da sashenmu ke bi, na tarar jam'i yake so, alhali jaridar Guardian ta Ingila tilo take rubutawa. Na gwada kauce wa kalmar da "results", sai ma'ana ta gurɓace, domin alƙaluman da na tattara daban ne da sakamakon nazarinsu.

Shin ƙa'idar APA kaɗai ta isa hujjar da zan kai wa malami na biyu in tsaya kan jam'i? Na gode.