Wane irin kare ne ba zai cinye mana kaji ba?

Ɗan Ringim:
Salamu alaikum jama'a, dan Allah shawara nake nema. Muna wani ƙauye ne a gefen Ringim, gidanmu ne na ƙarshe, daga bayan danga sai gonaki. Uwargida na kiwon kaji, sun kai talatin har da zabi shida, da su take sayen sabulu da littattafan yara. To tun da aka gama girbi muzuru ya sa mu a gaba, 'yan tsaki tara a sati biyu, ga shi kuma an shigo da daddare an kwance wa maƙwabcinmu tunkiya. Na ce zan kawo kare ta ce sam, wai a gidan babanta an taɓa yin wani da ya kashe kaji biyar rana ɗaya. Yanzu wani mafarauci ya ce zai ba ni kwikwiyo kyauta, wani yaro a Kano kuma yana tallata min karen 'yan sanda. Wanne zan ɗauka? Akwai yara ƙanana uku a gidan.

Tsohon Mafarauci:
Wa alaikumus salam. Ɗana, na mafaraucin nan kar ka karɓa ko da zai haɗo maka da kuɗi. Na yi farauta da karnuka shekaru da dama a dajin wajen Birnin Kudu, kuma abin da muke nema a jikin kare shi ne ainihin abin da kai kake gudu, wato duk abin da ya zabura ya bi shi. Karyar da ta iya kama zomo da fakara ita muke bari ta haihu, barewa kuwa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Zai yi wata biyar lafiya lau kamar malami, ran da kaza ta firgita ta buɗe fiffike ta ruga a gabansa ba zai ma san lokacin da ya cafke ta ba. Ka nemi gidan da karya ke kwance a tsakar gida kaji na tsallake ta, ɗanta za ka ɗauka.

Maman Biyu:
Malam ka gaida min uwargida ka ce mata tana da gaskiya, amma ana yi, mu nan wajen Dambatta karenmu na gida ne ja mai farin ƙirji, shekararsa huɗu bai taɓa cin ko ɗan tsako ba. Sai dai fa ba banza ba. Yana ɗan wata biyu aka kawo shi, duk safiya in zan watsa wa kaji tsaba sai in riƙe shi da igiya a gefena in zauna a kan turmi, da ya kafe kaza da ido ya sunkuyar da kai sai in ja igiyar in ce kai! in ya kau da kai ya kwanta in ba shi ɗan ƙanzo. Akwai wata kaza mai 'ya'ya masifaffiya da ta taɓa kai masa sara a hanci har ya yi ƙara ya shige ƙarƙashin rumbu, wallahi rabin tarbiyyar ita ta yi min.

Lokacin da ya fi wuya shi ne daga wata shida zuwa shekara, ƙarfi ya zo hankali bai zo ba, wasa yake so kuma wasansa kisa ne ga kaza, to a nan ko maƙwabta zan leƙa sai na ɗaure shi a gindin darbejiya. Kuma yara su ne matsala ma fiye da karen, su ne masu cuna shi su ce kama ta kama ta suna dariya, ranar da na kama nawa suna haka sai da kowa ya ji a jikinsa. Sannan a ba shi abinci tsakani da Allah, ba ragowar tuwo in an tuna ba, kuma in an yanka kaza kar a jefa masa kai da hanji ɗanye, a binne. Ƙwai ma a riƙa kwashewa da wuri.

Na Gumel:
Mu dai a wajenmu in kare ya kashe kaza ɗaura masa ita ake yi a wuya har ta ruɓe, ba ya ƙarawa. Sannan ka tuna an halatta shi ne don gadin dabbobi da gona da farauta, kar ya shiga ɗaki, a ware masa kwanonsa.

Ma'aikacin Dabbobi, Wudil:
Na Gumel, maganar kwano da ɗaki haka take, amma ɗaura mushe kam ban yarda ba, ƙudaje da wari kawai za ka tara wa yara, wani karen ma cinye ta zai yi ya gode maka.

Alhaji Ɗan Ringim, karen 'yan sandan nan na Jamus ne, yana da kaifin kai amma shi ma yana son bin abu, ga gashi, zafin watan Afrilu da ke wuce digiri 40 yana wahalar da shi, kaska kuma ta fi kayar da shi a kan namu na gida. Ciyar da shi kaɗai zai cinye ribar kajin. Akwai karnukan da dama can don tsaron dabbobi aka yi su, kamar Kangal na Turkiyya, tun 1994 ake raba irinsu wa makiyaya a Namibiya suna tsare awaki, to amma ina za ka samo na gaske a nan, kuma su ma sai sun kusa shekara biyu ake sakin jiki da su a cikin kaji. Ka bi maganar Baba Mafarauci. A bar shi ya yi sati takwas a wurin uwarsa. Da ya cika wata uku a yi masa allurar ciwon haukan kare, a maimaita duk shekara, wannan ba ta wasa ba ce tunda akwai yara, ciwon in ya bayyana a jikin mutum ba a tashi. A ba shi maganin tsutsa kuma. In ya taɓa cizon wani a wanke wurin da sabulu da ruwa minti 15 a nufi asibiti.

Abu ɗaya da ba a faɗa ba, kwikwiyo ba zai kore maka muzuru a daren gobe ba. Ka toshe akurkin da waya mai ƙananan ido, ka sa murfi mai nauyi. Shirwa kuma kare ba ya maganinta, sai dai a kife 'yan tsaki da kwando da rana.

Ɗan Ringim:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na karanta wa uwargida shawarar Maman Biyu har sau biyu, ta ce ta yarda amma kaza ɗaya ta mutu ni zan biya kuɗin kasuwa. Akwai wata ruga a bayanmu da na ga karyarsu ta haihu kuma kaji na yawo har kan 'ya'yan, gobe in Allah ya kai mu zan je in yi magana da mai rugar. Wayar akurki kuma na aika a sayo. Mace ko namiji zan zaɓa?

Maman Biyu:
Namiji Malam, in ka ɗauki mace duk karnukan garin za su riƙa yi maka zarya sau biyu a shekara, su kuma ba ka yi musu tarbiyya ba.