Wace rauta mai waya zan saya wa gida?

Maitambaya: Assalamu alaikum. An ja mana intanet na fayiba har cikin gida a Kaduna, amma katangunmu masu kauri ne, Wi-Fi ba ya wuce falo. Na sa an binne kebul zuwa ɗaki uku. Rauta, wato na'urar raba intanet, nake nema ta kebul zalla, mai sauƙin kuɗi, ba tarkace. Wacce za ku ba ni shawara?

Ɗan Sabongari: Wa alaikumus salam. Malam, fara duba ramukan sa kebul da ke jikin rautar. In an rubuta 10/100, ajiye ta, gudunta ba zai wuce megabit 100 ba ko nawa kake biya. Nemi mai gigabit, wato megabit 1000. Ni MikroTik hEX nake amfani da ita, ramuka biyar, ɗaya na shigowar intanet, huɗu na gida. Sai dai saitinta sai da na kwana biyu ina kokawa da shi, har uwargida ta ce ko sabuwar sana'a na samu.

Injiniya: In ba ka son ciwon kai, TP-Link ER605 ta fi sauƙin saiti. Kebul kuma Cat5e ya wadatar, kada dai tsawonsa ya haura mita 100.

Hajiya Babba: Ɗana, ka haɗa da ƙaramin batir, don in an ɗauke wuta. Kuma da damina ka riƙa zare kebul in hadari ya taso. Tsawa ce ta ƙona tamu bara.

Maitambaya: Na gode ƙwarai. Gobe zan leƙa kasuwa in Allah ya kai mu.