Cizkek ɗin Ista a zafin bazara: 'yan'uwa ku ba ni shawara

Mai tambaya, Wusasa

Sallama 'yan'uwa mata, barkanmu da yamma. Ista ta matso, kuma bana gidanmu ne za a taru bayan an taso daga sujada ranar Lahadi. Idan na haɗa dangin maigida da yara da maƙwabtan da muke aika wa abinci, za a kai mutum talatin. Shinkafa da kaji da cincin duk na san yadda zan yi da su. 'Yata ce ta dage sai an yi cizkek, wato kek ɗin da ake yi da kirim ciz (cuku mai laushi), irin wanda ba a gasawa, wai ta gani a waya an yi masa ado da ƙananan ƙwai na cakulan. Ni sau ɗaya na taɓa ci a wajen biki, ya yi mini daɗi, amma ban taɓa haɗawa ba.

Ga inda nake jin tsoro. Kun san Zariya a watan Afrilu, wuta kuma sai yadda ta yiwu. Kirim ciz ɗin sai an aika Kaduna, ga tsada. Sannan na ga wasu suna sa jelatin don ya kama, alhali rabin waɗanda zan aika wa Musulmi ne, mun shekara muna musayar abincin Sallah da na Kirsimeti, ba zan so in ba su abin da ban san asalinsa ba. Zai yiwu, ko in lallashi yarinyar mu yi kek ɗinmu na kullum?

Anti mai kek, Barnawa

Ƙanwata zai yiwu sarai, amma ki cire hoton nan na waya daga ranki. Babban cizkek zagayayye da ake yankawa yana tsayawa cak, an yi shi ne a ƙasar da Ista take zuwa da ɗan sanyinta. Shi wanda ba a gasawa babu ƙwai a ciki, babu fulawa. Abu biyu kawai ke riƙe da shi, maiƙon kirim da sanyin firij. Da zarar sanyin ya tafi sai ya kwanta, ki sa wuƙa ki ga yana malala a faranti. Ni a bazara ko kuɗi aka ba ni ba na yin babba sai in a falo mai esi za a ci.

Ki yi shi a ƙananan kofunan roba masu murfi, irin na yogot ko na farfe. Kofin ne zai riƙe shi, ko ya ɗan saki ba wanda zai sani, da cokali ake sha. Aika wa maƙwabta ma ya fi sauƙi, ki jera a tire yaro ya ɗauka.

Ga ma'aunin da nake yi. Na ƙasa: biskit ɗin daijestif giram 300, ki daka a turmi ko ki ɗaure a leda ki murza da kwalba, ki zuba narkakken bota giram 120 ki cuɗa har ya zama kamar jiƙaƙƙen yashi. Cokali ɗaya da rabi a kowane kofi, ki ɗan danna, kada ki daddage, in ba haka ba cokalin roba ba zai iya fasa shi ba. Bota na gaske nake nufi. Majarin na shafa wa burodi an yi shi ne don ya zauna da laushi ko a firij, ba zai kama miki biskit ba, sai ɗanɗanon gishiri.

Na sama: kirim ciz giram 600, mai cikakken maiƙo, ba wanda aka rubuta wa layit ba. Aisin shuga giram 100, banila ƙaramin cokali ɗaya, ruwan lemon tsami cokali biyu. Ki buga su har su yi sumul. A wani kwano daban ki buga wipin kirim mil 300 mai sanyi sosai har ya tsaya, in kin ɗaga cokali ya yi tsini. Sai ki zuba shi cikin ciz ɗin kashi uku, kina juyawa a hankali daga ƙasa zuwa sama. A nan ne mutane suke ɓata aiki, su kunna miksa su yi ta bugu har iskar ta fice, abin ya koma ruwa. Wannan haɗin yana ba ni kofi 16 zuwa 18, don haka ki ninka biyu. Ya kwana a firij, ko aƙalla awa shida.

Kin ga ban ambaci jelatin ba. A kofi ba ki buƙatarsa sam.

Maman 'yan biyu, Samaru

Anti an gaishe ki, amma ninki biyu fa kirim ciz kilo ɗaya da giram 200 ke nan. Kuɗinsa zai yi kaji nawa? Baiwar Allahn nan ta ce tsada ce matsalarta.

'Yar'uwa ki tace yogot. Ki samu marar sukari mai kauri, ko ki haɗa da kanki da madarar gari mai cikakken maiƙo. Ki shimfiɗa tsaftataccen ƙyallen tatar kamu a kan rariya, ki zuba, ki ɗora a kan kwano ki sa a firij ya kwana. Ruwan zai tsiyaye, ya bar miki kusan rabi mai kauri, cokali yana tsayawa a ciki. Larabawa suna yin irinsa su ci da burodi. Giram 500 na wannan, da gwangwanin kondens ɗaya mai giram 397, da lemon tsami cokali uku, ki juya kawai. Ko miksa ba ki buƙata. Tsamin lemon ne yake sa kondens ɗin ya daɗa kauri, kina juyawa za ki ji hannunki yana nauyi. Ki lura kondens na ce, mai zaƙin nan mai danƙo. Madarar ruwa ta gwangwani da muke sa wa shayi ba za ta yi wannan aikin ba. Kuma kada ki ƙara sukari, zaƙin da ke ciki ya isa har ya yi yawa.

Anti mai kek, Barnawa

Wannan yana da daɗi, ban musa ba, amma yogot ne mai biskit a ƙasa, yarinya za ta ce an yaudare ta. In kuɗi ne, a raba: rabi kirim ciz, rabi tataccen yogot. Ɗanɗanon ciz ɗin yana fitowa, kuɗin ya ragu. Wipin kirim ɗin dai kada a cire shi, shi ne yake ba da wannan laushin da ake nema.

Maman 'yan biyu, Samaru

To Anti, na yarda da rabi da rabi. Amma yaran gidana har yau ba su taɓa kai ƙara ba.

Hajiya, Tudun Wada

Ɗiyata Allah ya yi miki albarka da kika tuna da maƙwabtanki tun kafin ki ɗora tukunya. Tsoronki yana kan hanya, don jelatin daga fata da ƙashin dabba ake yin sa, kuma mai yawa daga cikin na Turai na alade ne. Akwai na shanu da na kifi, in an rubuta halal a jiki babu damuwa. Wanda ake aunawa a ƙulle a leda ba tambari ba rubutu, wannan ki bar shi, mai shagon ma bai san daga ina ya fito ba. Banila ma ki duba kwalbar, wasu da giya ake jiƙa su. Akwai ta gari, akwai kuma marar giya a shagunan kayan kek. In kin rasa, ki goga bawon lemon tsami kaɗan a ciki, ƙamshinsa ya wadatar.

Ƙanwarku a Ingila

Yaya, ƙwan da 'yarki ta gani Cadbury Mini Eggs ne, a nan daga bayan Kirsimeti suke cika shaguna har Ista ta wuce. Gidaje da yawa masu yin cizkek na Ista da su suke ado, wasu har farfasa su suke yi a cikin haɗin. Ba dole ba ne ki nemo su. Duk wata alewar cakulan mai ɓawo mai launi za ta yi. Abu biyu dai: kada ki ɗora su sai za a ci, don laima tana narkar da launin ya ɓata saman, sannan ki farfasa wa ƙananan yara. A jikin ledar Mini Eggs ɗin ma an rubuta kada a ba yaron da bai kai shekara 4 ba saboda shaƙewa.

Wani abin da ya kamata ki sani in kina bin ma'aunin da kike gani a bidiyo: na Ingila da dobul kirim suke yi, maiƙonsa kashi 48 cikin ɗari ne, shi ya sa nasu yake tsayawa ba tare da an sa komai ba. Wipin kirim na kwali da ake samu a gida wajen kashi 35 ne. 'Yan Amurka kuma kirim ciz ɗinsu na bulo ne mai tauri, ya fi na roba maiƙo. Don haka sai ki bi ma'auninsu daidai wa daida amma naki ya fito da laushi, ki ɗauka hannunki ne. Kayan ne suka bambanta. Maganar Anti ta kofi ita ce mafita.

Malama mai koyar da girki, Jos

Ga wadda ta nace sai babba na yankawa, akwai aga-aga a madadin jelatin, wasu shagunan Indiyawa suna kiransa caina giras. Daga ciyawar teku ake yin sa, ba ruwansa da dabba. Ya ma fi dacewa da ƙasarmu, don jelatin yana fara narkewa tun wajen digiri 35, shi kuwa aga in ya kama sai zafi ya kai wajen 85 yake sakewa. Sai dai yana da sharaɗi: dole a tafasa shi. Ƙaramin cokali ɗaya na garin a madara mil 100, ya tafasa minti biyu zuwa uku kina juyawa, wannan zai riƙe haɗi kamar rabin lita. Ciz ɗin kada ya zama daga firij kika ciro shi, in ya haɗu da sanyi nan take yake daskarewa ya yi gudaji. Ki fara ɗibar cokali biyu na ciz ki juya a cikin tukunyar, sannan ki juye a sauran da sauri. In ya yi yawa kuma cizkek ɗin zai riƙa karyewa a baki maimakon narkewa. Ban ba ki shawarar ki fara koyonsa ranar Asabar ɗin Ista ba.

Adon sama kuwa, lokacin mangwaro ne, me za ki nema a kanti? Ki markaɗa nunanne marar zare, ki dafa da sukari kaɗan da lemon tsami ya yi kauri, ya huce, cokali ɗaya a kan kowane kofi. Ko zoɓo mai kauri da aka ɗaure da ɗan kwanfulawa, ja a kan fari, yana ɗaukar ido. Ɗanyar abarba da gwanda ne ban yarda su kwana a kan madara ba, suna sa ta ɗaci, kuma suna hana jelatin kamawa. In abarba kike so ki dafa ta tukuna.

Nas, Kafanchan

Duk kun yi maganar tsayawa da kwanciya, ni lafiyar cikin mutane nake ji. Aga zai sa ya tsaya a rana, amma ba zai hana madara lalacewa ba, sai ma ya ruɗe ki ki ga kamar lafiya lau yake. Ƙa'idar kayan madara ita ce kada su wuce awa biyu a waje, in zafi ya haura digiri 32 kuma awa ɗaya. Ranar Ista a Zariya ai awa ɗayan ce taki. Ga tsofaffi ga yara ga wataƙila masu ciki.

In an ɗauke wuta, firij da ba a buɗewa yana riƙe sanyi kamar awa huɗu, firiza cikakkiya kuwa har kwana biyu. Don haka ki haɗa ranar Juma'a ko Asabar da safe, ki rufe kofunan ki sa a firiza su daskare. Ranar Lahadi kafin ki tafi coci ki mayar da su firij ko kula mai ƙanƙara, kafin a gama cin shinkafa sun saki daidai. Ki riƙa fitowa da goma goma. Tatar yogot ɗin ma a cikin sanyi za a yi, kada a rataye shi a kicin ya kwana. Wanda ya saura a tire bayan taro a zubar, kada a ce za a tafi da shi Galili, wato fitar shaƙatawa ta ranar Litinin ɗin Ista.

Mai tambaya, Wusasa

Kai, na gode ƙwarai, Allah ya saka. Mama Hajiya na gode da addu'a. Na tsayar da shawara: kofuna, rabi ciz rabi yogot, mangwaro a sama, alewar kuma yarinya ta jera da hannunta in za a ci. Firiza ta gidan surukata ce mai sola, can zan kai. Tambaya ɗaya ta rage Anti: in ban samu wipin kirim na kwali ba, na garin nan da ake bugawa da ruwan sanyi zai yi?

Anti mai kek, Barnawa

Zai yi, ya ma fi jure zafi don man itace ne a ciki. Ki buga shi da madara mai sanyi maimakon ruwa, ki rage abin da aka rubuta a jikin kwalin kaɗan don ya yi kauri. Yana zuwa da sukarinsa, saboda haka ki rage aisin shuga zuwa rabi ki ɗanɗana kafin ki ƙara. Ki gwada kofi huɗu a wannan satin ki gani, in da gyara ki dawo ki faɗa mana.