Neman kalmar Hausa: wane suna za mu ba takardar da ke hana ma'aikaci fitar da sirrin sana'a?

Mai fassara: Salamu alaikum jama'a. Gobe da hantsi za a sa hannu, ku agaza mini. Yayata tana sana'ar furanni da ƙawata wurin biki a nan Damagaram, kuma za ta ɗauki yara biyu aiki. An rubuta mata accord de confidentialité da Faransanci, amma su yaran Hausa suke karantawa. Abin da take son tsarewa shi ne lambobin matan da ke ba ta aiki, da inda take saro kaya a Kano da kuɗin sarin, da dabararta ta sa fure ya kwana bai yi yaushi ba cikin bazara. Na gama fassara jikin takardar, sunanta ne ya gagare ni. Na sa "yarjejeniyar sirri", raina bai kwanta ba.

Malamin lise: Kar ka bar shi haka, ƙanena. Duk wanda ya ji "yarjejeniyar sirri" zai ɗauka ita ce aka ƙulla a ɓoye. Sai an sa aikatau a tsakiya: yarjejeniyar tsare sirri.

Inna ta Zango: To me ya hana "rufin asiri"?

Malamin lise: Inna, rufin asiri na mutunci ne da abin kai wa bakin salati. Kuma in aka ce "asirin mai furanni", wasu wajen boka tunaninsu zai tafi.

Ɗan Birni: Takardar kamun baki. Yadda muke da kamun kai, haka kamun baki zai zauna daram. Sirri Larabci ne, amana Larabci ce, alkawari ma haka. Tun Maris 2025 aka ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, amma har yanzu aro muke yi ba kunya. Yaushe za mu tsaya da ƙafarmu?

Mai fassara: Baba, ina tsoron yaran su ji kamar an ce musu "ku kama bakinku". Kuma ya yi kusa da toshiyar baki.

Ɗan Birni: Kunnenku ne ya saba da Hausar Kano ta gidajen rediyo. Garin da ya riƙe babban birnin Nijar har 1926 ba zai jira a aiko masa da kalma daga kudu ba.

Baƙo daga Kano: Haba Alhaji, me ya kawo Kano cikin maganar nan? Ita "takarda" da ka sa a gaba ai daga bakin Buzaye muka samo ta. In za a kori sirri, sai a haɗa da alƙali da shaida da shari'a, mu ga da me za a yi ƙara.

Ɗan Birni: Waɗannan sun daɗe, sun zama ƴan gida.

Inna ta Zango: Sirri ma tun kakanninmu yake, Alhaji.

Ɗalibar shari'a: Ku yi haƙuri in mai da mu kan aikin Yaya. Baki kaɗai bai isa ba, domin yaro yana iya ɗaukar hoton littafin ciniki ya tura ta WhatsApp bai ce uffan ba, ko ya yi amfani da lambobin don kansa. "Tsare" ya ƙunshi duka. Nijar tana cikin OAPI, ƙungiyar ƙasashen Afirka mai kare haƙƙin mallakar fasaha, kuma Yarjejeniyar Bangi da ta kafa ƙungiyar ta tanadi kariya ga bayanan kasuwanci na sirri, amma sai mai su ya nuna ya ɗauki matakin tsare su. Don haka a ambaci kowane abu da sunansa, a faɗi tsawon lokaci, a cire abin da kowa ya sani a kasuwar Dole da abin da kotu ta nema. Kuma a gaya wa yaran wannan takarda ba ta hana su buɗe tasu sana'ar gobe ba, wancan sharaɗi ne dabam.

Mai fassara: Na gode ƙwarai, ƴar'uwa. Zan sa "Yarjejeniyar Tsare Sirrin Sana'a", Faransancin yana gefe.

Ɗan Birni: Kalma huɗu a inda biyu suka isa. Ka sa don gobe, tunda lokaci ya ƙure, amma ni ban janye kamun baki ba.

Mai fassara: Na ji, Baba. Saura ɗaya: dommages et intérêts, in bar shi "diyya" ko in ce "biyan hasara"?