Wasan "suna, gari, dabba, abinci": wane harafi ya taɓa haɗa ku gardama?

Malamar Aji Shida, Zariya

Assalamu alaikum jama'a. Wa ya tuna wasan nan da ake yago takarda daga tsakiyar littafi a ja layuka, a rubuta suna, gari, dabba, abinci, abu, sai wani ya kira harafi kowa ya duƙufa? Wanda ya riga cikawa ya ce "tsaya", kowa ya ajiye biro. Amsar da kai kaɗai ka kawo maki 10 ce, in kun yi karo da wani biyar-biyar, gurbin da ka bari fanko kuwa ka tashi a tutar babu.

Na dawo da shi ajina ranar Juma'a kafin a tashi, na ƙara layi biyu, "tarihi" da "ƙasar waje". Rubutun ba ya ɗaukar komai, gardamar da ke biyo baya ita ke cinye lokacin, kuma a wajenta na ga yara na kama abu. Da aka kira Z, wata yarinya ta sa Zungeru a layin tarihi, aji ya yi mata caa wai ai gari ne kawai. Ta tsaya kai da fata ta ce kakanta ya gaya mata can Turawa suka zauna suna mulkin Arewa kafin Kaduna. Gaskiyarta, tun 1902 can ce hedikwatarsu, kuma a nan aka haifi Azikiwe a 1904. Tun ranar ba wanda ya manta Zungeru a ajin. Ku ma ku kawo naku, a ina kuka yi, wane harafi ya rikita ku?

Ɗan Kurmi

Wa alaikumus salam Malama. Mu a rumfa muke yi da yaran shago in kasuwa ta yi sanyi bayan azahar. Harafin K tarko ne. Da an kira shi hannun kowa Kano yake rubutawa, a ƙarshe duk a tashi da biyar-biyar. Mai wayo sai ya tsallake ya tafi Kazaure ko Kontagora ko Kafancan. Wata rana muka ce a jero jihohin Najeriya masu farawa da K, kowa ya kawo biyar ya cije: Kano, Kaduna, Katsina, Kebbi, Kwara. Wani dattijo mai sayar da jan kanwa da ke sauraronmu ya ce "Kogi fa, ko ita ba 'yar gida ba ce?" Shi ya ƙara mana da cewa ita da Kebbi rana ɗaya aka ƙirƙiro su a 1991, Katsina kuma ta riga su, an cire ta daga Kaduna a 1987.

Rigimar da ta fi zafi ita ce ta Ƙofar Mata. Yarona ya rubuta ta a K, na ce a soke, da ƙ mai lanƙwasa take farawa. Ya ce allon da ke bakin marinar K aka sa. Na ce allo da Turanci aka rubuta shi, mu da Hausa muke wasa. Har yau yana ganin zaluntarsa na yi.

Baban Sadiya, Kumasi

Ɗan Kurmi, da a zangonmu ne yaron nan ya ci makinsa. Yawancinmu a nan ba ma raba k da ƙ a baki, ƙosai da kunu duk layi ɗaya suke shiga, ba mai ɗaga kai.

Tawa ta faru ne da 'ya'yan ƙanena da suka zo hutu daga Kano. Aka kira A, ni da babban cikinsu duk muka rubuta Ankara a layin gari. Mai ƙirga maki ya ce biyar-biyar. Na ce a'a, a tambayi kowa wacce yake nufi. Shi yaron ya ce babban birnin Turkiyya, har ya ƙara da cewa tun 1923 take riƙe da wannan matsayi, ba Istanbul ba kamar yadda mutane ke zato. Ni kuma na ce tawa ta bakin teku ce, babban birnin Ghana, don Hausawan nan tun kakanni Ankara suke kiranta. Bai taɓa ji ba, ya ɗauka dabara ce irin ta manya. Sai da kakarsu ta sa baki, ta lissafo musu Salga da Gwanja da hanyar fataken goro, sannan aka ba kowa goma.

Inna ta Maraɗi

Sannunku da hira. Mu nan wahalarmu biyu ce. Ta farko F da H. In anka kira H, yaranmu hura suke rubutawa a abinci, in 'yan uwanmu na Kano suna wurin sai su ce fura ce, a jira F. Da munka gaji sai munka yanke cewa inda ake wasan, bakin wurin ake bi.

Ta biyu lakkwal, wato makarantar boko. Yaron da ya yi karatu da Faransanci, in anka kira T sai ya kawo Tchad, alhali a Hausa Cadi ce, C ke da ita. Haka Wagadugu, shi a O ya san ta. Yamai kuwa ban san sau nawa ta haɗa faɗa ba, wani ya ce N, wani ya ce Y. Jikata ta fi kowa wayo, gari guda take ci da shi sau biyu: in anka kira Z ta ce Zinder, in anka kira D ta ce Damagaram. Da yayanta ya yi ƙorafi sai ta ce garin da ya riƙe babban birnin ƙasa har 1926 ai ya cancanci suna biyu.

Ɗan Kurmi

Inna, a gaishe min da jikar nan, 'yar kasuwa ce tun yanzu.

Anti Nas

Ni a wurin aikin dare na san shi. Idan ɗakin marasa lafiya ya lafa, mukan yi shi don kada barci ya ɗauke mu, amma mun cire "abu" mun sa "cuta". Ƙ ba ya wahala: ƙyanda, ƙarambau, ƙazuwa, ƙanjamau. Sharaɗinmu shi ne ba ka cin maki sai ka faɗi abu ɗaya tabbatacce game da cutar. In ka ce ƙyanda, ka faɗi cewa a wata tara ake fara yi wa jariri allurarta. In ka ce shan inna, ka san cewa a 2016 aka ga na ƙarshe da ƙwayar cutar ta asali ta kama a Najeriya, a Borno, kuma a watan Agustan 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da ita.

Abin da ya ba ni mamaki, wata dattijuwa mai shara ta fi mu duka. Mu sunayen Turanci ne a kanmu, sai mun tsaya juyawa, ita kuwa kafin ka ɗaga biro ta ce sanƙarau, ta kuma ba ka labarin annobarsa ta 1996 da ta gani da idonta. Ɗaliban da ke zuwa koyon aiki na lura sun fi saurin fahimtar majinyatan ƙauye bayan sun zauna da ita.

Malam na Tudun Wada, Gusau

Allah ya saka wa Malama da alheri da ta tayar da zancen. A Islamiyyarmu layukan su ne annabi, sura, sahabi, wuri. Ranar da aka kira Y ne na ji daɗin yaran. Annabawa suka zo a sauƙaƙe: Ya'aƙub, Yusuf, Yunus, Yahaya. A sura aka samu Yunus, Yusuf da Yasin, sai wani ya ce akwai saura. Na ce su ɗauko Alƙur'ani su bi jerin surori 114 ɗin da kansu. Suka bi, suka tarar ukun nan ne kaɗai. Sahabi ya tsayar da su, har wata ƙaramar yarinya ta ce Yasir, mahaifin Ammar, mijin Sumayya. A wuri kuwa yawanci Yaman suka rubuta, mutum biyu suka bambanta: ɗaya Yasrib, tsohon sunan Madina, ɗaya Yarmuk, inda rundunar Musulmi ta kara da Rumawa a shekara ta 636.

Shawarata ga mai son gwadawa, alƙalin wasan ya zama ya sani, ko kuma ya kasance da littafi a kusa. In babu, mai ƙarfin murya ne zai riƙa cinyewa, yara su tashi da kuskure a ka.

Malamar Aji Shida, Zariya

Haka yake Malam. Taswira na rataye a bangon aji saboda wannan, da ƙamus a kan tebur. Amma ban yarda a taɓa su ba sai an gama gardamar baki.

Direban Funtuwa

Ranku ya daɗe malamai, ga na 'yan tasha. Mu da baki muke yi muna jiran lodi, ba takarda, wanda ya yi shiru ya sayo shayi. A layin gari ba a kayar da direba. Kira Ɗ ka ji: Ɗanja, Ɗandume, Ɗanmusa, Ɗambatta. Kira Ts: Tsafe, Tsanyawa. Ɓ ma akwai Ɓatagarawa a bakin Katsina, dabba ɓauna ko ɓera, abinci ɓaure, sunan mutum ne ke kashe kowa.

Ɗ ɗin ne ya fi kawo maguɗi. Da an zo dabba sai ka ji ɗan akuya, ɗan tsako, ɗan maraƙi, kowace dabba an liƙa mata "ɗan". Muka hana. Sai kwandastana ya ce to a soke ɗanwake ma daga abinci. Nan fa aka kwashi lokaci, daga baya shugaban layi ya raba: in ka cire "ɗan" abin ya canza, an karɓa, don wake daban ɗanwake daban. In ka cire shi akuya tana nan akuyarta, an soke.

O da E kam mun fitar da su daga wasan gaba ɗaya. Gari akwai, Okene, Ogbomosho, Enugu, amma dabba duk tashar nan an rasa mai kawo ko guda. In akwai wanda ya san wata a cikinku ya taimaka, shayi biyu ake bi na.