Jarumata ta faɗa ayarin Oregon a 1852, me zai hana ta dawowa?

Ummu_Hanan:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Labari nake rubutawa irin wanda mace ta zamaninmu take buɗe ido ta tsinci kanta a zamanin da. Jarumata ma'aikaciyar jinya ce a Amurka, ta faɗa shekarar 1852 cikin ayarin masu ƙaura zuwa yamma, daga Independence ta jihar Misuri zuwa kwarin Willamette a Oregon, tafiyar kusan mil 2,000 da ake kwashe wata huɗu zuwa shida ana yi. Da gangan na zaɓi shekarar, domin kwalara ta ci mutane sosai a gaɓar kogin Platte, ita kuma ta san abin da 'yan ayarin ba su sani ba, wato ruwan sha ne ke kawo cutar. Namijin mai kora shanun keken kaya ne, matarsa ta rasu ta bar masa yarinya ƙarama.

Ga inda na maƙale. A ƙarshe hanyar komawa za ta buɗe, ni kuma so nake ta zauna. To macen da ta san allurar kashe zafi da tiyatar haihuwa, ta kuma baro mahaifiyarta da rai, "ina sonsa" kaɗai zai riƙe ta? Zuciyata ta ƙi yarda da hakan. Ku taimaka mini.

Malam_Sabo:
Wa alaikumus salam Malama. Kafin soyayya ki fara gyara hanyar. Kada ki zaunar da ita cikin keke tana kallon daji, kekunan cike suke da gari da naman alade da kayan aiki, ga jijjiga, shi ya sa yawancin mutane a ƙasa suke takawa. A filin Platte itace ya yi ƙaranci, mata da yara ne ke tsinto busasshen kashin ɓauna a yi girki da shi.

Sai dokar filaye ta Oregon ta 1850. Wanda ya iso a irin shekarar labarinki, in gwauro ne eka 160 zai samu, in da aure 320, rabin kuma da sunan matar ake rubutawa. Har wanda ya yi aure cikin shekara guda da isowarsa yana ciki. Kin ga duk macen da ba ta da miji a ayari idon maza na kanta. Ranar da ya ce zai aure ta, dole ta tambayi kanta, ita yake so ko ekar 160? Wannan kaɗai ya ishe ki babi biyar.

Anti_Bilki:
Ƙanwata, aikin jinya nake yi, kuma wajen kwalarar ne ya ja ni. Abin da take buƙata yana cikin keken: gishiri da sukari da tukunya. Lita ɗaya ta tafasasshen ruwa, ƙaramin cokali shida na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Wahalar ita ce wa zai saurare ta. Magungunan zamaninsu irin su laudanum da calomel suka sani, kuma sai a 1854 likita John Snow ya nuna alaƙar cutar da ruwan famfo a Landan. Za ta ce a ƙona makamashin girki wajen tafasa ruwa, dattawan ayari su ce mata ta yi wa mutane shiru.

Ki sa yarinyar ta kamu. Idanu sun faɗa, an ja fatar cikinta ta ƙi komawa, ita tana ɗura mata cokali-cokali har asuba, uban yana riƙe da fitila. Gari ya waye ayari ya ce tafiya za a yi, don ba a jiran mara lafiya, ana tsoron ƙanƙara ta rufe duwatsu. Shi kuma ya cire kekensa daga layi saboda maganarta. Namijin da ya yarda da iliminta a gaban maza 'yan uwansa a 1852, ni dai zan gane dalilin zamanta.

Dan_Agadas:
Tambaya ɗaya Hajiya: jarumar taki baƙa ce ko Baturiya? In baƙa ce, shawarar Malam Sabo ta rushe, domin dokar filayen ba ta ba baƙar fata komai ba. Tun 1849 ma akwai dokar hana su zama a Oregon, har an kori wani baƙar fata, Jacob Vanderpool, a 1851 a kanta. A 1852 kuma ana bauta a Misuri, inda ayarin ke tashi, mace baƙa da ba ta da takardar 'yanci ana iya kama ta. George Washington Bush, baƙar fata da ya bi hanyar a 1844, ƙetare kogin Columbia ya yi ya zauna arewa, kusa da Tumwater. Filin Willamette ɗin ma na mutanen Kalapuya ne, 'yan asalin wurin, kada ki rubuta shi kamar dajin da ba mai shi. In kina son sauƙi, ki kai ta Nicodemus ta Kansas, garin da baƙaƙe suka kafa a 1877, lokacin da mace mai shekara 21 za ta iya neman eka 160 da sunanta ƙarƙashin dokar rabon filaye ta 1862.

Ummu_Hanan:
Allah ya saka muku da alheri. Baƙa ce, haka nake ganinta tun farko, kuma ba zan sauya mata fata don labarin ya zo da sauƙi ba. A 1852 za ta tsaya. Anti, daren yarinyar nan na ɗauka gaba ɗaya. Malam, dokarka ma ta yi mini amfani ta wata fuska: in ya auri Baturiya filinsa ya ninka, in ya zaɓe ta ba ƙarin eka ko ɗaya, ga barin Willamette su ƙetare Columbia. Shi ma zai yi asarar da za ta gani da idonta kafin ta yanke shawara. Batun mahaifiyarta ne har yanzu bai warware ba. Anti, in ke ce uwar, wasiƙar da 'yarki ta rubuto miki aka ajiye shekaru fiye da 170 kafin ta iso hannunki za ta ishe ki, ko sai kin ga 'yarki ido da ido?