Idan an kori mai ƙiyayya daga ofis, wariya ta tafi ke nan?

Ɗalibar Zaure:

Assalamu alaikum malamai da 'yan'uwa. Akwai abin da ya ɗaure mini kai a muhawarar wariyar launin fata ta Amurka. Wasu na cewa wariya halin mutum ce: wane ya tsani baƙar fata, ya hana shi aiki ko hayar gida, magana ta ƙare. Wasu kuma na cewa tsari ce, tana iya ci gaba da aiki ko da babu mai ƙiyayya ko ɗaya a ofishin. Wannan ta biyun ce ta ƙi shiga mini. Tun 1964 doka ta haramta nuna bambanci a wurin aiki, a 1968 ta haramta shi a harkar gidaje, har baƙar fata ya ci zaɓen shugaban ƙasa sau biyu. To ina tsarin yake zaune? Tsari ai ba shi da zuciya balle ya ƙi wani. Don Allah a ba ni misalin da zan iya kamawa da hannu, ba dogon turanci ba.

Mai Awon Fili:

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Ki bi sawun kuɗin gida, za ki ga abin da idonki.

Kafin 1934, wanda zai sayi gida da bashi a Amurka sai ya ajiye kusan rabin kuɗin, ya biya sauran cikin 'yan shekaru. A shekarar ne gwamnatin tarayya ta kafa hukumar FHA, wadda ke tsaya wa mai karɓar bashi a wurin banki: idan ya kasa biya, hukuma ta biya. Nan take bashi ya zama na shekara 20 zuwa 30 da kafin alƙalami kaɗan, ma'aikacin masana'anta ma ya iya mallakar gida. Sai dai hukumar ba ta tsaya wa kowace unguwa. Jami'inta zai auna unguwa tukuna, kuma kundin aikinsa ya ɗauki zaman baƙaƙen fata a wuri a matsayin haɗari ga darajar gida. Kundin har shawara yake bayarwa a rubuta a takardar gida cewa ba za a sayar wa wani jinsi ba. A tsakanin nan wata hukumar, HOLC, ta zana taswirar birane sama da 200 da launi huɗu: kore, shuɗi, rawaya, sai ja ga unguwar da aka ce kada a kusance ta. Galibin unguwannin baƙaƙen fata ja suka samu. (Masana tarihi da yawa na ganin taswirar HOLC ce ta yi suna, amma FHA ce ta fi yin ɓarna, domin ita ke riƙe da bakin famfon bashi.)

Ga yadda abin ya kasance a ƙasa. A Levittown kusa da New York, daga 1947 an gina gidaje sama da 17,000, ana sayar da ɗaya kusan dala 8,000, da sharaɗin cewa sai farar fata zai zauna. Sojan da ya dawo daga Yaƙin Duniya na Biyu, idan fari ne, ya shiga da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Idan baƙi ne, ƙofa a rufe. A Chicago kuwa, baƙin da banki ya ƙi sai ya faɗa hannun dillalai masu sayarwa da biyan wata-wata: takardar gida na hannun dillali har sai an biya kuɗin ƙarshe, ka tsallake wata ɗaya a kore ka, duk abin da ka zuba ya bi ruwa, a sake sayar wa wani.

A 1968 an haramta wannan wariya, amma ba a mayar wa kowa gidan da aka hana kakansa ba. Gidan da aka saya arha ya yi daraja, an jinginar da shi an biya wa yara jami'a, an bar shi gado. Ƙari a kan haka, kaso mai yawa na kuɗin makarantun gwamnati daga harajin gidajen gunduma yake fitowa, don haka unguwa mai arhar gidaje makarantarta ma a tsuke take, kuma a 1973 Kotun Ƙoli ta ce wannan bai saɓa wa kundin tsarin mulki ba, a wata shari'a daga Texas. Ƙididdigar Babban Bankin Amurka ta 2022 ta nuna dukiyar matsakaicin iyalin farar fata kusan dala 285,000 ce, ta baƙar fata kusan 45,000.

Yau ma'aikacin banki ba ya buƙatar ƙin kowa. Tambayarsa ita ce nawa za ka ajiye, me za ka jinginar, wa zai tallafa maka. Amsar kuwa an rubuta rabinta tun zamanin kaka. Wanda ya san yadda Turawan mulkin mallaka suka yanka GRA, da tazarar yadi 440 tsakaninta da unguwannin 'yan ƙasa, ya san yadda layin da aka ja a takarda ke zama daram bayan mai jansa ya koma gida.

Ɗan Gardama:

Malam, tarihin nan babu musu a cikinsa. Inda nake da ja shi ne yadda wasu ke amfani da kalmar. Da zarar an ga giɓi tsakanin jinsi biyu sai a ce tsari, ba a tsaya an duba shekarun mutanen, jihar da suke zaune, ko irin karatun da suka yi ba. Ga 'yan Najeriya mazauna Amurka nan, baƙaƙe ne su ma, amma suna cikin waɗanda suka fi yawan masu digiri. Tsarin bai gan su ba ne?

Na biyu, wa ya rubuta kundin FHA? Mutane ne masu raina baƙar fata. Ashe abin da kuke kira tsari ƙiyayyar mutum ce da ta daskare a takarda. Kuma mai ƙiyayyar bai mutu ba. A binciken da aka wallafa a 2004, an aika takardun neman aiki kusan 5,000 na bogi a Boston da Chicago, iri ɗaya sak, suna kawai aka sauya. Mai sunan da ya yi kama da na farar fata yana samun kira bayan takardu kusan 10, mai sunan baƙar fata sai ya aika kusan 15. Wannan ai mutum ne zaune a kujera yana ware takarda. Idan aka ce laifin tsari ne, an ba shi mafaka.

Hajiya Mai Shari'a:

Ɗana, maganarka ta ƙarshe tana da nauyi, kuma shi ya sa kotu ba ta ɗaukar ɗaya ta yar da ɗaya. Hanya biyu ce, kowace da irin hujjarta.

Ta farko, ka tabbatar an bambanta ka da gangan: wasiƙa, furuci, ko wani mai takardu irin naka da aka ɗauka aka bar ka. Ta biyu ta fito ne daga shari'ar Griggs da kamfanin lantarki na Duke Power a North Carolina. Can da, baƙaƙe sashen leburanci kawai ake ɗaukarsu. Ranar 2 ga Yuli 1965, ranar da dokar hana bambanci ta fara aiki, kamfanin ya kawo jarrabawa biyu a kan sharaɗin takardar kammala sakandare ga mai son sauran sassan. Ƙa'idar ba ta ambaci launi ba. Amma ƙidayar 1960 ta nuna kashi 34 cikin ɗari na mazan fararen jihar ne ke da wannan takarda, baƙaƙe kashi 12, bayan shekaru na makarantun wariya. Kuma fararen da aka ɗauka a baya ba tare da takardar ba suna aikinsu lafiya. A 1971 Kotun Ƙoli baki ɗaya ta ce ko babu mugun nufi, ƙa'idar da ke tace wani jinsi kuma ba ta auna iya aikin ba haramun ce.

Matakan uku ne. Mai ƙara ya nuna takamaimiyar ƙa'ida da alƙaluman ɓarnarta. Kamfani ya nuna aikin na buƙatarta. Sai mai ƙara ya nuna akwai wata hanyar da za ta biya buƙatar ba tare da wannan ɓarna ba. Ƙararraki da dama a matakin farko suke mutuwa, saboda mutum ya zo da giɓi kawai bai nuna wace ƙa'ida ta haife shi ba. Ka ga kotu ma ta yarda da kai cewa giɓi shi kaɗai ba hujja ba ne.

Amma wannan a ƙarƙashin dokokin majalisa ne. Idan da kundin tsarin mulki ka kai gwamnati ƙara, tun 1976 sai ka nuna niyya. Shi ya sa a 1987 Warren McCleskey, baƙar fata da aka yanke wa hukuncin kisa, ya faɗi a Kotun Ƙoli da alƙalai 5 da 4, duk da binciken shari'u sama da 2,000 a Georgia ya nuna wanda ya kashe farar fata ya fi wanda ya kashe baƙar fata fuskantar hukuncin kisa da ninki huɗu da ɗoriya. Kotu ta ce ya nuna wanda ya nufe shi da sharri a tasa shari'ar. An zartar masa da hukunci a 1991.

Sai dokar hodar iblis ta 1986: giram 5 na dunƙulalliyar da ake zuƙa, wadda ta fi yawa a unguwannin baƙaƙe, daidai yake da giram 500 na garin, shekara biyar a kurkuku ba ragi. Wasu 'yan majalisa baƙaƙe ma sun goyi bayanta saboda yadda ƙwayar ke cinye unguwanninsu. Nemi mai ƙiyayya a nan ka sha wahala, amma sakamakon a fili yake. A 2010 aka rage tazarar daga 100 da 1 zuwa 18 da 1.

Mai Awon Fili:

Batun 'yan Najeriya, ɗan'uwa, biza ce ta tace su tun daga gida. Mai digiri ko mai neman digiri ne ya fi samun shiga, kuma ba makarantar unguwa mai jan layi ya yi ba. Sannan albashi daban, dukiyar gado daban. Nasararsu ta nuna ba launi ne ke hana ƙwaƙwalwa aiki ba, ba ta goge abin da aka yi wa gidaje a Chicago ba.

'Yar Asibiti:

Yaya Ɗan Gardama, ga wanda ba a samu mai ƙiyayya a cikinsa ba ko a farkonsa. A 2019 mujallar Science ta wallafa bincike kan wata manhaja da asibitocin Amurka ke amfani da ita wajen zaɓen masu ciwo mai tsanani don ba su kulawa ta musamman. Ba a saka launin fata a cikinta ba sam. Masu haɗa ta sun nemi ma'aunin tsananin ciwo, sai suka ɗauki kuɗin da ake sa ran kashe wa mutum a shekara mai zuwa, bisa tunanin cewa wanda ya fi ciwo shi ya fi cin kuɗi.

Nan kuskuren yake. Baƙar fata mai ciwo daidai da na farar fata kuɗin da ake kashe masa a shekara ya gaza na farin da kusan dala 1,800, saboda nisan asibiti, rashin samun hutun aiki da rashin yarda da likitoci. Sai manhajar ta karanta ƙarancin kuɗi a matsayin ƙoshin lafiya. Sai baƙi ya fi fari jin jiki sosai kafin su samu maki ɗaya. Masu binciken sun lissafa cewa da an gyara, kason baƙaƙe cikin masu samun wannan kulawa zai tashi daga kashi 17.7 zuwa 46.5.

Da an kai duk ma'aikatan asibitin bitar gyaran hali, ko lamba ɗaya ba za ta motsa ba. Abin da aka yi shi ne sauya abin da manhajar ke hasashe, aka haɗa da yawan cututtukan da ke tasar wa mutum kamar hawan jini da ciwon suga, sai bambancin ya ragu da kashi 84. Mai ware takardun neman aiki saboda suna kuwa, shi kam gyaran manhaja ba zai taɓa shi ba, sai a rufe sunaye lokacin tantancewa, a riƙa aika takardun gwaji ba da saninsa ba, idan an kama shi a hukunta shi.